Ƙurajen zafi da yaron da ya kasa zama wuri ɗaya

Akwai ciwon da ba ya fitowa a littafin kiran suna. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, za ka ga gurbinsa a benci, ka rubuta bai zo ba, ka aika a gaishe shi. Wanda ƙurajen zafi suka kama kuwa yana nan zaune gabanka. Ya amsa sunansa, ya fito da kaye da alƙalami, amma rabin hankalinsa yana gadon bayansa, inda riga ta manne da fata. Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina riƙe da alli a nan Damagaram, yawancinsu a azuzuwan ƙanana, kuma kowace shekara, daga ƙarshen Afrilu har ruwa ya sauka, nakan rasa wani kaso na ajina ta wannan hanya ba tare da ko ɗaya ya yi fashi ba.

Na san abin da wasu za su ce: ƙurajen zafi har wani ciwo ne da za a ɓata tawada a kansa, ga sanƙarau, ga dussa, ga tamowa? Duk mun yi su muna yara, ga mu nan garau. Gaskiya ne, mafi yawansu da kansu suke bajewa cikin ƴan kwanaki idan fata ta samu sanyi da iska. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke fassara su, mu malamai da iyaye. A lakwal muna ɗaukar susar yaro rashin natsuwa ce. A gida kuma, don ƙauna, muna yi masa daidai abin da ke ƙara su. Tsakanin waɗannan biyu ne ƙaramin ƙurji yake zama gyambo.

Bara, cikin watan Mayu, aka turo mini wata ɗalibar makarantar horon malamai ta koyi aiki a ajina. Yarinya ce mai ƙwazo, takan shirya darasinta tsaf. Wata rana wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi tana koyar da ɗebewa, ina zaune a baya, sai wani yaro ɗan shekara bakwai ya shiga goga bayansa da bakin teburin da ke bayansa, yana mutsu-mutsu kamar wanda cinnaka ta shiga wa riga. Ta yi masa magana sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta ce ya fita ya durƙusa a bakin ƙofa, wurin da rana ta riga ta cinye inuwa. Na tashi na kama hannunsa kamar zan raka shi, na wuce da shi gindin bedi, na ɗaga rigarsa, irin rigar ƙwallon nan ta roba. Tun daga ƙeya har ƙugu ƙuraje ne birjik, wasu ya riga ya fasa su da farce.

Da aka tashi na nuna mata. Ta ja da baya ta ce, "Madam, ba ƙazwa ba ce? Kada ya shafa wa sauran."

Na ce, "Ƙanwata, zafi ne, ba a ɗaukarsa daga wani. Da ke ce da wannan bayan, minti nawa za ki iya zama kina ɗebe bakwai daga goma sha biyar?"

Ban ga laifinta ba. A horon da muka samu an koya mana halayyar yaro, da shirya darasi, da yadda ake riƙe aji, an kuma taɓa mana tsabtar jiki da ta muhalli. Amma bayan yaro a watan Mayu sai a bakin aiki ake ganinsa.

Duk wanda ya taɓa shan ruwan tulun Mirya da rana tsaka ya riga ya san rabin bayanin. Tulun ƙasa yana sanyaya ruwa ne don jikinsa na da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa ya tsattsafo, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafin. Jikin mutum haka yake aiki. A cikin fatarmu akwai maɓuɓɓugan zufa tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, kowace da siririyar hanyarta da ke fitowa saman fata. Zufa ta fito ta bushe, jiki ya huce, ya tsaya kusa da awo 37 komai ƙunar rana. To, a shafe tulu da mai ko fenti a gani, ruwan cikinsa da ɗuminsa zai zauna. Idan fata ta daɗe a jiƙe, samanta yakan yi laushi ya kumbura, sai mataccen ɓawon fata da maiƙo da ƙwayoyin cutar da dama can suke zaune a fatar kowa su haɗu su toshe bakin hanyar. Maɓuɓɓugar ba ta san an rufe ƙofa ba, tana ta turo zufa. Hanyar ta fashe daga ciki, zufar ta malala cikin fata, ƙurji ya taso. A Faransancin kan titi sunansa bourbouille. Likitoci kuwa miliaire suke cewa, daga kalmar Latin mai nufin gero, don ƙurajen sun yi kama da ƙwayar hatsi.

Inda hanyar ta toshe shi ke bambanta su. In a sama-sama ne, za ka ga ƴan ƙuraje masu ruwa garai-garai kamar raɓa, ba ƙaiƙayi ba zafi, da an goga sun fashe. An fi ganinsu ga jarirai sabbin haihuwa, da wanda zazzaɓi ya kwantar yana ta zufa. In toshewar ta ɗan yi ƙasa, su ne waɗanda muka fi sani, masu tsikari kamar an watsa maka ƙaiƙayin hatsi a riga. Sun fi son wuya, da ƙirji, da baya, da hammata, da cikin gwiwar hannu, da inda tazuge ke kama ƙugu. Littattafai suna ce musu jajaye, don a farar fata ja suke fitowa. A fatar ɗiyanmu jan ba ya nunawa sosai, shi ya sa hannu ya fi ido ganinsu: ka shafa ka ji kaushi. Akwai na uku, mai zurfi, wanda ke biyo bayan an yi ta fama da na biyu. Ƙurajensa masu tauri ne, launin fata, ba su cika ƙaiƙayi ba, amma wurin yakan daina zufa. Wannan ba shi da yawa.

Abin da nake so kowane mushe da kowace madam su riƙe shi ne, fatar da ƙuraje suka rufe ba ta fitar da zufa yadda ya kamata, kuma ko bayan sun baje takan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ta koma daidai. Yaron da bayansa da ƙirjinsa suka cika da su tulu ne da aka shafe rabinsa da mai. Zafi ya fi saurin kayar da shi. In akwai wanda bai kamata a tsayar cikin rana ba a duk ajin, shi ne, kuma sau da yawa shi ɗin ake tsayarwa, don shi ne mai motsi.

Na lura ba cikin Maris suke yin ƙamari ba, ko da yake zafi ya riga ya kankama. Lokacin iska busasshiya ce, zufa na fitowa take bushewa. Sai bazara ta matso, iskar kudu ta fara kawo laima, sama ta yi ta haɗa hadari tana bajewa, sannan zufa ke kwanciya a jiki ta ƙi tashi. A Yamai da Tawa da Maraɗi da nan Damagaram, zafin rana a Afrilu da Mayu yakan kai awo 40 ya zarce. Suna kuma dawowa da agajeri, zafin nan na ƙarshen damina, daidai lokacin da ake komawa makaranta a watan Oktoba. Wato farkon shekarar karatu da ƙarshenta, lokacin da yaro ke koyon zaman aji da lokacin da yake shirin jarrabawa, duk cikin ƙaiƙayi suke faɗawa.

A ɗora wannan a kan ajin da muke ciki. Nawa na bana yara saba'in da huɗu ne, uku-uku ko huɗu-huɗu a bencin da aka ƙera don biyu, kafaɗa da kafaɗa, ƙarƙashin rufin kwano marar rufin ciki. Na koyar a rumfar zana shekara huɗu, kuma ta fi iska nesa ba kusa ba, ƙurajen ma sun fi sauƙi a can. Amma ba wanda zai yi fatan komawa cikinta bayan gobarar Yamai ta Afrilun 2021 da ta Maraɗi ta Nuwamban shekarar, inda muka rasa yara kusan 20 a ta farko, fiye da 20 a ta biyu. Muna son ginin ƙasa ko na siminti. Roƙona ga masu ginawa da kwamitocin iyaye shi ne a tuna da tagogi masu fuskantar juna, da rufin ciki, da itatuwa a gabas da yamma. Ajin da iska ba ta ratsawa tanda ce, ko da an yi masa fenti.

A gida kuwa matsalar daga ƙauna take tasowa. Mu mata mun tashi mun tarar ba a barin yaro ya fita fururu. A yi masa wanka, a mulke shi da basilin ko man kaɗe har ya yi sheƙi, don kada a ce uwarsa ƙazama ce. Da ɗari wannan daidai ne, shi ke hana faso da kaushi. Da bazara kuwa fentin tulu ne. Sai a ɗora masa rigar ƙwallo ko tufafin makaranta na tergal, yarinya kuma hijabin roba har gwiwa a kan riga biyu. Yadin roba ba ya shan zufa, ba ya barin iska. Tsohuwar rigar auduga da ta sha wanki ta fi sabuwar roba alheri a wannan wata, kuma hijabin auduga marar nauyi yana suturtawa kamar kowane.

Jarirai sun fi kowa shan wuya. Da duk maɓuɓɓugan zufarsa ake haihuwar yaro, a cunkushe cikin ƴar fatarsa, hanyoyin kuma ba su gama ƙwari ba. Ga shi mun naɗe shi da hula da safa da rigar sanyi da tawul, cikin ɗakin mai jego da aka rufe tagarsa, ga ƙunzugun roba, ga goyo, cikinsa manne da bayan uwa tun hantsi har azahar. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta kawo mini jikanta ɗan wata biyu in gani, wuyansa da goshinsa duk sun feso. Ta ce, "Malama, zafin ciki ne ke fita, zan jiƙa masa magani." Na ce, "Inna, zafin ba daga ciki yake ba, daga hular nan yake. Mu cire masa kwana uku mu gani. In bai baje ba ni da kaina zan raka ki likita." Ta harare ni ta ce iska za ta shige shi. Muka daidaita a kan riga ɗaya ta auduga da rana, zane marar nauyi da asuba. Kwana huɗu goshin ya washe. Ma'aunin da na ba ta shi nake ba kowa: ki dubi abin da ke jikinki, in ke kina zufa da riga ɗaya, shi ma haka. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nono kawai yake buƙata, a yawaita ba shi. Ba ruwa, ba jiƙo, don gudawar da za su jawo ta fi ƙurajen haɗari. Abin da aka rataya masa a wuya ko a ƙugu kuma a riƙa ɗagawa ana share ƙarƙashinsa, nan zufa ke maƙalewa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙurajen zafi su kaɗai ba sa kai yaro asibiti, susar ce ke buɗe ƙofa. Farce mai datti ya yage fata, ƙwayoyin cuta su shiga, sai ka ga ƙuraje masu mugunya, da ɓawon nan mai launin zuma a fuska ko ƙafa, da maruru a kai da goshi. Daga nan labari ya sake, don wannan gyambon ana ɗaukarsa daga yaro zuwa yaro, kuma yana buƙatar maganin likita. Wani irinsa ma yakan taɓa ƙoda bayan ƴan makonni: fuska ta kumbura, fitsari ya koma kamar ruwan shayi. Wanda ya ga haka ga ɗansa kada ya jira wayewar gari biyu.

Ɗaya hanyar da abin ke lalacewa ita ce tiren mai tallar magani. Akwai ƴan man shafawa da ake sayarwa a kasuwa, irin waɗanda masu shafe-shafen hasken fata ke amfani da su, masu sinadarin betamethasone ko clobetasol. Suna kashe ƙaiƙayi cikin dare ɗaya, shi ya sa iyaye ke yabonsu. Amma suna sa fata ta yi siriri, suna ba makero da gyambo damar yaɗuwa, kuma fatar jariri tana tsotse su zuwa cikin jiki. In ana son abin shafawa, a tambayi ruwan kalamin a farmasi, yana sanyaya wurin ya busar da shi. Hoda kuma in an labta ta a kan zufa dunƙulewa take ta ƙara toshe fata, jariri kuma yakan shaƙe ta.

Babban tsorona bai wuce a kira wani ciwo da sunan ƙurajen zafi ba, don lokacinsu ɗaya da na dussa, wadda wasu ke ce wa ƙyanda ko baƙon dauro. Bambancin ba shi da wuya. Mai ƙurajen zafi yana ci, yana wasa, jikinsa ba zazzaɓi. Dussa kuwa da zazzaɓi mai ƙarfi take farawa, da tari, da majina, da jan ido, sai bayan kwana uku ko huɗu ƙurajen su fito daga bayan kunne da fuska su gangara. Wannan yaron likita za a kai shi, a kuma raba shi da aji, a duba katin ƙannensa ko sun samu allurar wata tara da ta biyun da ake yi bayan an shekara. Ƙarambau ƙurajensa manya ne masu ruwa, har cikin gashin kai da baki. Ƙazwa tana son tsakanin yatsu da wuyan hannu, ƙaiƙayinta da dare yake tashi, kuma za ka tarar duk gidan ana susa. Zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya kuwa, da ƙuraje ko babu, maganar sanƙarau ce, ba ta kwana. Haka yaron da ya dawo daga rana jikinsa rau, yana jiri ko sambatu: a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

Za a ce mini, Madam, kina ta maganar wanka, kin manta a Damagaram kike? Ban manta ba. Na san kuɗin jarka a wannan wata, na san gidan da ke jiran mai ga-ruwa har la'asar. Amma fata ba ta neman bokiti. Moɗa ɗaya da tsumma mai tsabta sun isa a share wuya da hammata da baya da matse-matsi sau biyu ko uku a yini, a bar iska ta busar kafin a sa riga. Sabulu sau ɗaya ya wadatar, kuma a ajiye soso mai kaushi, dirza ƙara fusata ƙurajen take. Masu dafa ganyen bedi su yi wanka da shi, a bari ya huce sarai tukuna. Yaro ya kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, a kan tabarma, maimakon katifa mai rufin leda.

A ajina ga abin da nake yi, ba da ko dala ba. Daga Afrilu lissafi da karatu sukan koma farkon safiya, waƙa da zane da labari su koma kusa da tashi. Ina juya wurin zama kowace Litinin don kada ƴan tsakiya da ƴan jikin bango su dawwama a can. Muna da randa biyu da iyaye suka saya, a hutun ƙarfe goma kowa ya sha, ya shafa ruwa a wuya da fuska. Duban farcen ranar Litinin da muka gada na mayar da shi duban farce da wuya. Wanda na ga yana mutsu-mutsu nakan kira shi gefe in duba, ƴan mata a keɓe, sannan in aika wa uwarsa saƙo. Ba na faɗa a gaban aji, don da yara sun ji kalmar ƙuraje sai su ce ƙazwa, su watse su bar shi shi kaɗai a benci, kuma wannan kunyar ta fi ƙaiƙayin daɗewa. Horon rana kuwa babu shi, kuma na roƙi abokan aikina mu yi yarjejeniya a kansa. In inuwar bedi ta fi ɗakin sanyi, sai mu ɗauki allo mu koma can.

Tun muna yara ake ce mana ruwan farko yana wanke ƙurajen zafi, mu tuɓe mu fita tsakar gida muna tsalle. Akwai gaskiya a ciki, sai dai sirrin ba a ruwan yake ba. Gari ne ya yi sanyi, zufa ta ragu, hanyoyin suka samu sararin buɗewa. Wannan sanyin muna iya ba yaro kaɗan daga cikinsa tun kafin hadari ya haɗu, da riga ɗaya ta auduga, da moɗar ruwa, da wurin zama kusa da taga.

Jiki magayi ne, in ji Hausawa, kuma yaro ɗan shekara bakwai bai da kalmomin da zai ce fatarsa ta kasa huce shi, sai dai ya yi ta motsi. Kafin mu ɗaga murya a kansa a wannan wata, mu fara ɗaga wuyan rigarsa mu duba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana su cikin lafiya.